RAI A HANNUN HUKUMA: WA KE BIYAN DIYYAR WANDA YA MUTU A TSARE?



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca da suka ga na isa in tsaya a gabanku. Sa'ad da aka bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kansa, wani abokin aikina ya ba ni shawara in nemi batu mai sanyi, wanda ba zai sa kowa ya yi ta gyara zama ba. Ban bi shawararsa ba, ina kuwa roƙonsa gafara. Tambayar da na zo da ita ita ce: idan hukuma ta kama mutum yana tafiya da ƙafafunsa, ta kulle shi, gari ya waye aka miƙo wa iyalinsa gawa, wa shari'a za ta kama? Kurtun da ya ɗaga kulki shi kaɗai, ko kuwa har da gwamnatin da ta ba shi kulkin da kakin da mabuɗin ɗakin? In har da gwamnati, me za ta biya, kuma ta wace ƙofa za a kai ta ƙara?

Mafi yawan misalaina daga Indiya zan ɗauko su, ba kuwa don sha'awar nesa ba. Mu da su gado ɗaya muka ci daga Turawan Ingila. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka zartar a 1959, an samo shi ne daga na Sudan, na Sudan kuwa daga na Indiya na 1860. Irin 'yan sandan da aka kafa musu domin tsare mulkin mallaka su aka kafa mana. Bambancin shi ne alƙalansu sun riga namu fuskantar wannan tambaya gaba da gaba, sun kuma ba ta amsa wadda ta cancanci a zauna a duba.

Wasiƙar wata uwa

Ranar 1 ga Disamba 1987, da misalin ƙarfe takwas na safe, wani mataimakin sufeton 'yan sanda ya je wani gida a gundumar Sundergarh ta Jihar Orissa, wadda yanzu ake kira Odisha, ya tafi da wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Suman Behera, ana tuhumarsa da sata. Aka kai shi ƙaramin caji ofis na Jeraikela, aka sa masa ankwa, aka ɗaure shi. Kashegari wajen ƙarfe biyu na rana labari ya iske mahaifiyarsa, Nilabati Behera, cewa ga gawar ɗanta can a kan layin dogo kusa da wata gada, jikinsa duk raunuka, ankwa tana hannunsa.

'Yan sanda ba su musa cewa ya kwana a hannunsu ba. Abin da suka ce shi ne, wajen ƙarfe uku na dare ya tauna igiyar da aka ɗaure shi da ita har ta tsinke, ya gudu, jirgin ƙasa ya take shi. Na tabbata akwai da yawa a cikin wannan zaure da suka taɓa jin ɗan'uwan wannan labari. A wani wuri a ce ya nemi ya tsere, a wani wuri a ce ya rataye kansa da wandonsa, ko kuwa a ce dama ya zo da ciwonsa.

Matar nan ba ta da lauya, ba ta da kuɗin ɗaukarsa. A watan Satumba na 1988 ta aika da wasiƙa zuwa Kotun Ƙoli ta Indiya. Kotun ba ta mayar mata da takardarta ta ce ta je ta cika ƙa'ida ba. Sai ta ɗauki wasiƙar a matsayin ƙara ƙarƙashin sashe na 32 na tsarin mulkinsu, wanda ya ba kowane mutum damar zuwa Kotun Ƙoli kai tsaye idan an taɓa masa ɗaya daga manyan haƙƙoƙinsa. Ta naɗa mata lauya, ta kuma umurci babban alƙalin gundumar ya bincika. Binciken ya warware labarin 'yan sanda zare-zare. Likitan da ya duba gawar ya ce raunukan da aka ji wa mamacin yana da rai, abu mai tauri marar kaifi ne ya yi su, irin dukan kulki, ba irin na wanda jirgi ya ja a ƙasa ba ne. Masu binciken kimiyya suka gwada guntayen igiyar biyu, bakinsu bai dace da juna ba. Sa'an nan babu wata shaida mai ƙarfi cewa 'yan sandan sun fita neman wanda suka ce ya gudu. Wanda ɗaurarre ya kuɓuce masa da tsakar dare ai ba ya komawa barci.

To, an tabbatar da cewa a hannun hukuma ya mutu. Mutum zai zaci magana ta ƙare, saura biya. Amma a nan ne ainihin wahalar take, kuma domin a gane ta sai mun koma baya kaɗan.

Sarki ba ya laifi

A tsohuwar shari'ar Ingila akwai ƙa'ida cewa sarki ba ya laifi. Ma'anarta a aikace ita ce ba a kai sarki ƙara a kotun da take tasa, kuma ɓarnar da baransa ya yi ba ta hawa kansa. Wanda aka zalunta yana iya ƙarar baran, in ya gane shi, in kuma baran yana da abin biya. Su Ingilishi da kansu sun yar da wannan ƙa'ida da dokar da suka yi a 1947, kuma a 1964 suka ɗora wa shugaban 'yan sandan kowane yanki alhakin ɓarnar da yaransa suka yi a bakin aiki. Amurka ta yi tata dokar a 1946. Amma ƙasashen da aka mallaka, su suka ci gaba da riƙon kayan da mai su ya zubar.

A Indiya tun 1861 wata kotu a Kalkata ta raba ayyukan gwamnati gida biyu: waɗanda kowane ɗan kasuwa zai iya yi, da waɗanda sai mai mulki ke yinsu. In ɓarna ta auku a kashi na farko gwamnati za ta biya, in a na biyu ne babu biya. Kama mutum da tsare shi kuwa, ai ba aikin da ya fi su zama na mai mulki. Ku dubi inda wannan ya kai su. A 1947 wani falke daga Amritsar ya sauka a garin Meerut da zinariya da azurfa, 'yan sanda suka kama shi bisa zato, suka ajiye kayansa a ma'ajinsu. Aka sake shi, aka mayar masa da azurfarsa, zinariyar kuwa wani babban kurtu mai kula da ma'ajin ya kwashe ta ya tsallaka Pakistan. Wannan ita ce shari'ar Kasturi Lal. A 1964 Kotun Ƙoli ta yarda an yi sakaci, ta nuna takaicinta a fili, ta roƙi majalisa ta gyara doka, amma ta ce gwamnati ba za ta biya ko kwabo ba, domin 'yan sandan suna aikin mai mulki ne. Watau da motar gwamnati ce ta buge shi a hanya da an biya shi, amma da yake 'yan sandanta ne suka cuce shi da sunan doka, sai haƙuri.

Kada mu yi wa Indiya dariya, domin mu ma mun sha daga wannan rijiya. Ranar 18 ga Fabrairu 1977 sojoji suka far wa gidan Fela a Legas, suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, ta rasu a shekara mai zuwa. Kwamitin bincike ya ɗora ƙunar gidan a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. Iyalin suka nemi diyyar naira miliyan 25. A 1985 Kotun Ƙolinmu ta kori ƙarar, dalili kuwa a lokacin da abin ya faru waccan tsohuwar kariya ta sarauta tana nan da ranta a dokokinmu. Sai dai Mai Shari'a Kayode Eso ya bayyana cewa tsarin mulkin 1979 ya kawar da ita, tun da ya ba kotuna ikon sauraron kowace jayayya tsakanin mutum da gwamnati. Wannan iko yana nan a tsarin mulkin 1999.

Ƙofar da alƙalai suka buɗe

Majalisar Indiya ba ta yi gyaran da aka roƙe ta ba, sai alƙalai suka nemi wata hanya. Sun fara ne da Rudul Sah, mutumin Jihar Bihar, wanda kotu ta wanke daga tuhumar kisan kai a 1968, amma ba a buɗe masa ƙofar kurkuku ba sai a 1982. Shekara goma sha huɗu, jama'a, bayan alƙali ya ce ba shi da laifi. A 1983 Kotun Ƙoli ta ga cewa in iyakar ikonta shi ne ta ce a sake shi, to haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi ya zama magana kawai. Ta sa jihar ta biya shi rupi 30,000 bayan rupi 5,000 da aka riga aka ba shi. Daga nan aka yi ta samun hukunce-hukunce irin wannan, amma ba a bayyana tushensu sosai ba, lauyoyin gwamnati kuwa kullum suna tafe da Kasturi Lal a hammata.

Shari'ar Nilabati Behera ce ta share wannan hazo, ranar 24 ga Maris 1993, a gaban alƙalai uku, Verma da Anand da Venkatachala. Ina roƙon ɗaliban shari'a su kasa kunne a nan, domin wannan shi ne ƙashin bayan laccata. Kotun ta ce hanyoyi biyu ne, kada a gama su. Akwai ƙarar ɓarna ta yau da kullum, wadda mutum ke kai ɗan'uwansa, inda ake kama ubangida da laifin yaronsa. A wannan hanya gwamnati tana iya fakewa da kariyar sarauta, kuma a nan ne Kasturi Lal take. Akwai kuma ƙarar da ta taso daga tsarin mulki kansa. Sashe na 21 ya ce ba za a raba mutum da ransa ko 'yancinsa ba sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Wa ya ɗauki wannan alkawari? Ba kurtu ba ne, ƙasa ce. Saboda haka idan aka karya shi, ba a cewa gwamnati tana biyan bashin yaronta ne, a'a, bashin kanta take biya. Kariyar sarauta kuwa ba ta da wurin tsayawa a nan, gama alkawarin an yi shi ne domin a kare talaka daga mai mulki, ba shi yiwuwa mai mulki ya kafa hujja da mulkinsa ya kuɓuta daga gare shi. Alƙalan sun ƙarfafa ra'ayinsu da hukuncin da aka yanke a Landan a 1978 kan wani lauya ɗan Tirinidad mai suna Maharaj, wanda alƙali ya ɗaure ba bisa ƙa'ida ba aka ce ƙasa ce za ta biya shi, da kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa.

Mai Shari'a Anand ya ƙara wani bayani wanda a ganina ya fi kowanne nauyi. Mutumin da aka tsare an ɗauke masa dukkan hanyoyin kare kansa. Ba ya iya gudu, ba ya iya kiran maƙwabci, ba ya iya zuwa asibiti, ko ruwan sha sai an ba shi. Wanda ya raba shi da waɗannan duka ya ɗauki amanar ransa ke nan, amana kuwa mai tsanani wadda ba ta karɓar uzuri. Ɗaurarre bai rasa haƙƙinsa na rayuwa ba don an ɗaure shi, ko da ɓarawo ne, balle wanda ake zato kawai.

Aka umurci Jihar Orissa ta biya Nilabati rupi 150,000, ta kuma biya rupi 10,000 na kuɗin shari'a. Aka ce a sa kuɗin a banki da sunanta na shekara uku tana karɓar ribarsu, kuma wannan biya bai hana a gurfanar da waɗanda suka yi kisan ba. Daga mutuwar ɗanta zuwa ranar hukunci, shekara biyar da 'yan watanni.

Wa zai kawo shaida?

Duk wannan ba shi da amfani in ba a iya tabbatar da yadda mutum ya mutu ba. Kisan da ake yi a bayan kanta ba a yinsa a gaban jama'a. Shaidu iri biyu ne kawai: 'yan sanda, waɗanda ba kasafai ɗaya ke tona ɗaya ba, da sauran tsararru, waɗanda gobe ma a hannun mutanen nan za su kwana. Littafin da ake rubuta shige da fice yana hannun wanda ake zargi. In aka ce uwa ta kawo shaidar wanda ya ga an ɗaga kulki, an ce mata ta koma gida ke nan.

Amsar da hankali ke bayarwa ita ce a juya nauyin. Iyali su tabbatar da abu biyu kawai: ya shiga lafiya, ya fito gawa. Daga nan hukuma ce za ta yi bayani gamsasshe, in ta kasa, alhaki ya hau kanta. Haka kotun Indiya ta yi a shari'ar da muka gani, haka kuma Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan'adam ta yanke a 2000 a shari'ar Salman, wani direban tasi da ya mutu a hannun 'yan sandan Turkiyya a garin Adana. Hukumar gyaran dokoki ta Indiya ta ba da shawara tun 1985 a sa irin wannan ƙa'ida a dokar shaida domin shari'ar laifi, aka shekara da shekaru ba a mai da ita doka ba.

A watan Disamba 1996, a shari'ar D.K. Basu, wadda ita ma da wasiƙa ta fara, kotun ta shimfiɗa sharuɗɗa goma sha ɗaya na kama mutum. Daga ciki akwai cewa mai kamu ya sa sunansa a ƙirji, a rubuta takardar kamu da lokaci da sa hannun shaida, a sanar da ɗan'uwan wanda aka kama inda yake, likita ya duba shi kowane awa 48. Duk waɗannan dabaru ne na barin sawu, domin in abu ya faru a san a hannun wa ya faru. A 2020 ta ƙara da umurnin a kafa na'urorin ɗaukar hoto a kowane caji ofis. Amma gaskiya ɗaya ce, kada in yi muku zaƙin baki: a wannan shekarar ta 2020, a garin Sathankulam na Jihar Tamil Nadu, wani uba da ɗansa suka mutu bayan an kama su kan zargin barin shago a buɗe lokacin kulle na annoba. Indiya ta sa hannu a yarjejeniyar hana azabtarwa a 1997, ba ta kuwa tabbatar da ita ba. Kyawun hukunci bai hana kulki sauka ba.

Abin da masu ja ke cewa

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma ba dukkan maganarsu ce ta banza ba. Suna cewa kuɗin gwamnati kuɗin jama'a ne. Don me za a ɗebi harajin manomi a biya ɓarnar wani azzalumin saje, shi kuwa yana nan yana karɓar albashinsa? Wannan tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce, in aka ce sai sajen ne zai biya, to ba wanda za a biya. Sau da yawa ba a san wanda ya yi dukan ƙarshe ba, in ma an san shi, albashinsa na shekara goma bai kai ba. Bugu da ƙari, ba shi ya ɗauki kansa aiki ba. Wanda ya ɗauke shi, ya horar da shi ko ya kasa horar da shi, ya hana shi kayan binciken zamani ya bar shi da kulki, ya kuma matsa masa ya kawo mai laifi kafin Juma'a, shi ma yana da hannu. Hanyar adalci ita ce gwamnati ta biya iyali nan da nan, sa'an nan ta juya ta bi jami'in ta karɓi abin da za ta iya daga albashinsa da fanshonsa. Kotun Indiya ta bar wa gwamnati wannan dama. Ni kuma zan ƙara cewa a cire diyyar daga kasafin rundunar 'yan sandan kanta, domin wanda ba a taɓa aljihunsa ba ba ya jin zafi.

Ja na biyu ya fi tsoratar da ni, watau kada biyan diyya ya zama sayen shiru. Steve Biko ya mutu a hannun 'yan sandan Afirka ta Kudu ranar 12 ga Satumba 1977, bayan an ɗauko shi tsirara a bayan mota daga Port Elizabeth zuwa Pretoria da rauni a kansa. Majistaren da ya yi bincike ya ce ba laifin kowa. A 1979 gwamnati ta ba iyalinsa rand 65,000 ba tare da ta amsa laifi ba. Irin wannan biya, wanda ba gurfanarwa, ba amsa laifi, ba neman gafara, gwamnati tana iya sa shi a kasafinta na shekara kamar kuɗin man mota.

Sai kuma yadda ake ƙiyasta kuɗin. A shari'ar Nilabati an dubi shekarun mamaci da abin da yake samu a wata, tsakanin rupi 1,200 da 1,500. In aka bi wannan ma'auni kaɗai, ran talaka zai zama mai araha, alhali kuwa talakawa ne ke mutuwa a caji ofis.

A nan ne nake ganin shari'ar Musulunci tana da abin da za ta koya wa lauyoyin boko. Diyyar rai ƙayyadadda ce, raƙuma ɗari, ko dinari dubu, ko dirhami dubu goma sha biyu, ba ta duba ko mamaci attajiri ne ko ɗan dako. Kuma batun hukuma ta biya ba baƙo ba ne. A shekara ta 8 bayan Hijira Khalid ɗan Walid ya sa aka kashe wasu kamammu daga Banu Jazima. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga abin da Khalid ya yi, sa'an nan ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar waɗanda aka kashe da asarar kayansu. Haka nan sa'ad da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahal a Haibara ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba, Annabi ya biya raƙuma ɗari domin kada jininsa ya tafi a banza. Malaman fiƙihu sun yi saɓani ko kuskuren shugaba yana kan baitulmali ne ko kan danginsa, amma saɓanin a kan wanda zai biya ne, ba a kan ko za a biya ba.

Mu dawo gida

A takarda, dokokinmu ba su da laifi. Tsarin mulkin 1999 ya tsare rai a sashe na 33, ya hana azabtarwa a sashe na 34. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Wannan na ƙarshe tsarin mulkin Indiya ma bai faɗe shi a fili ba. Tun 1986, a shari'ar Nasiru Bello, wanda Jihar Oyo ta zartar wa hukuncin kisa alhali ƙarar da ya ɗaukaka ba a saurare ta ba, Kotun Ƙoli ta ce iyalinsa suna da haƙƙin diyya, ko da yake abin da aka ba su N7,400 ne. Ƙa'idojin 2009 na neman manyan haƙƙoƙi sun sauƙaƙa wa dangi shigar da ƙara, suka kuma cire iyakar lokaci. Dokar 2015 ta gudanar da shari'ar laifuffuka ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma ɗora wa majistare ziyarar caji ofis kowane wata. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25, kuma in mutum ya mutu ta dalilin azaba, kisan kai ne.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Maiduguri. Ranar 30 ga Yuli 2009 sojoji suka miƙa Muhammad Yusuf ga 'yan sanda da ransa, kafin gari ya waye ya mutu. Surukinsa Baba Fugu, dattijo ɗan shekara saba'in da 'yan kai, shi ya kai kansa wurin 'yan sanda, shi ma bai fito ba. Ba na nan domin in wanke kowa daga abin da ya aikata, wannan aikin kotu ne, kuma kotun ce aka hana ta aikinta. Iyalin Baba Fugu suka kai ƙara, a 2010 Babbar Kotun Jihar Borno ta ce a biya su naira miliyan 100, gwamnatin jihar ta biya a watan Janairu 2012. Abin da ƙasar nan ta biya daga baya, na rayuka da dukiya, ba sai na faɗa wa kowa a wannan zaure ba.

Inda muke tuntuɓe wuri biyu ne. Na farko, samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce kafin a kama kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da yardar Antoni-Janar, watau babban lauyan wanda ake bi bashin. Kotuna sun yi ta kai da kawowa a kan iyakar wannan sashe. Ni a ganina, a shari'ar da ta shafi rai bai kamata ya yi aiki ba ko kaɗan, kuma ya dace a ware asusu na musamman wanda kotu za ta iya umurtar a biya daga cikinsa cikin wata uku.

Na biyu yana wurinmu, mu jama'a, kuma da nauyin baki nake faɗarsa. Na taɓa zama da wani dattijo da ɗansa ya mutu a tsare. Sharaɗin da aka gindaya masa kafin a ba shi gawar shi ne ya sa hannu cewa ba ya neman bincike. Ya sa, domin rana tana yi, mutane suna jira a maƙabarta, kuma zuciyarsa ba ta yarda a yanka ɗansa ba. Da na tambaye shi batun ƙara sai ya ce ya bar wa Allah. Ban ga laifinsa ba, wa ya isa ya ga laifin uba a irin wannan rana? Amma mamacin ya bar mata da 'ya'ya uku ƙanana, diyya kuwa haƙƙin magada ce, rabon marayu yana cikinta, ba na kakansu ba ne shi kaɗai da zai yafe. Gaggauta jana'iza sunna ce da muke girmamawa, sai dai a irin wannan mutuwa da gawar ake binne shaida. Da Nilabati ta karɓi gawar ɗanta ba tare da likita ya duba ta ba, da labarin igiya da jirgin ƙasa shi ne zai tsaya har yau.

Ba lalle ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Abin da nake roƙon malamanmu na addini da likitocin asibitin koyarwa su zauna su tsara shi ne hanyar da za a bi cikin yini guda: likitan da ba na 'yan sanda ba ya duba gawa a gaban wakilin iyali, a ɗauki hoton kowane rauni kafin wanka, a rubuta, a ba iyali kwafinsu a hannu, majistare ya sa hannu, sa'an nan a kai mamaci makwancinsa kafin faɗuwar rana. Takardar da ake sa iyaye su sa wa hannu a bakin caji ofis kuwa, ya kamata doka ta bayyana cewa ba ta da wani ƙarfi a gaban alƙali.

Shugaba, na ga ka dubi agogo sau biyu. A nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi, musamman daga sahun gaba.